Ranar da Baffa Ya Ƙi Ɗori

"Baffa, don Allah ka ɗora masa... ƙafa nawa ka ɗora a zauren nan?"

"Wannan ba zan taɓa ta ba, Habibatu."

Mahaifina Malam Hammawa, duk Ƙofar Ran an san shi da ɗori. Amma ranar ya tsuguna gaban mijina, ya ɗaga tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi, ya duba, ya mayar, ya tashi ya wanke hannunsa.

Watanmu biyar da aure ni da Hammajoda. Dillalin shanu ne. Da safen nan wani bijimi ya kubce a kasuwar shanu ta Tirwun ya take masa ƙwauri, abokansa suka turo shi a amalanke har gidan Baffa.

Baffa ya ce, "Karayar da fata ba ta fashe ba, ita ce aikina. Wannan ƙashi ya huda fata ya fito, ƙasa da kashin shanu sun shiga. In na ɗaure, a ciki zai ruɓe. Babban asibiti za a kai shi, yanzu, su wanke."

"Asibitin da ya cinye Yaya Bintu?"

"Kwana uku yayarki tana naƙuda kafin mu kai ta. Mu muka makara, ba su ba."

Ya ɗauki sandarsa ya fita neman mota.

Na durƙusa kusa da Hammajoda. Gumi ya jiƙe masa riga, amma da ya ga fuskata sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Habibata, daina kuka. Mu bi maganar Baffa."

"Hamma, yanke ƙafa suke yi a can... kowa ya sani. Akwai Ɗanlarai a layinmu, allurarsa ɗaya take kashe ciwo. Shi ma ai ya yi aikin asibiti."

"Shara ya yi musu, in ji mutane."

"In kana sona, kada ka bari su kai ka. Bintu ta shiga da ƙafarta, a makara aka fito da ita. Ba zan iya sau biyu ba..."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya wajen abokansa ya ce, "Ku kai ni gida Gwallaga."

Da Baffa ya iso da mota bai same mu ba, ya biyo mu. Kafin ya buɗe baki Hammajoda ya ce, "Baffa, ni na zaɓa. Ka yi haƙuri."

Baffa ya juyo. Ni ya kalla, na sunkuyar da kai.

Ɗanlarai ya zo da farar riga da wani ɗan akwati. Ya ja ƙafar har Hammajoda ya suma, ya barbaɗa wani farin gari, ya naɗe ta tam da bandeji, ya yi masa allura. Ya ce kada kowa ya kwance sai bayan mako guda.

Kwana biyu na farko na yi ta murna, don zafin ya ragu. Har fura na dama masa ya sha, yana tsokanata wai na sa barkono kamar ina fushi da shi.

Rana ta uku zazzaɓi ya rufe shi. Rana ta huɗu ɗakin ya fara wari. Na sa turaren wuta, na ƙara, warin ya fi ƙarfin turaren. Na aika a kira Ɗanlarai, aka ce ya tafi ƙauye.

Kullum Baffa yana zuwa, kullum Hammajoda yana ce masa da sauƙi. A rana ta biyar bai tambayi kowa ba, ya shigo da Liatu, wata ma'aikaciyar jinya da ya saba tura wa masu ciwon da ya fi ƙarfinsa. Ta yaye zanen, ta ga yatsun sun yi baƙi, ta ce a ɗauke shi zuwa asibiti.

Wannan karon ban hana ba.

Da la'asar likita ya yanke ƙafar daga saman gwiwa. Na tare Liatu a baranda.

"Yaya Liatu, ki gaya mini tsakani da Allah. Da ranar aka kawo shi fa?"

"Me za ki yi da amsar, ƙanwata?"

"Ki dai faɗa."

"Da mun wanke, mun gyara ƙashin. Irinsa da yawa sun fita da ƙafarsu. Zai ɗan yi ɗingishi, shi ke nan."

Na zauna a ƙasa. Kukan ma ya ƙi zuwa.

Yana kwance a asibitin aka yi bikin samun 'yancin kai. Ana ta kiɗa a gari, mutane suna wucewa da tutoci kore da fari. Masu jinya duk sun taru a taga suna kallo, ni ina bakin gadonsa.

"Hamma... ka sake ni."

"In na sake ki, ƙafar za ta dawo?"

"Ni na jawo maka. Bari in faɗa wa Inna gaskiya."

"Ba za ki faɗa ba. In mahaifiyata ta ji, ba za ki ƙara kwana a gidana ba. Ƙafa ɗaya na rasa, ta ishe ni."

"To ka zage ni mana. Ka ce wani abu."

Ya juya fuskarsa bango. "Na gaji, Habibatu. Rufe tagar nan, kiɗan ya dame ni."

Bayan wata biyu muka koma gida, yana dogara sanda. Bai sake zuwa kasuwar shanu ba. Ya koma tukar igiya a ƙofar gida, yana sayar wa abokan da a da shi ke yi musu ciniki. In sun wuce da garke, sai ya sunkuya yana gyaran igiyar da ba ta da abin gyara.

Wata Juma'a Inna ta zo daga Tirwun. Ta same ni ina shafa masa mai a dungulmin. Ta tsaya tana kallonmu, hawaye na zubo mata.

"Kai dai taurin kai ya kashe ka. Surukinka ya ce asibiti, ka ce kai ka fi kowa sani." Ta juyo ta kama hannuna. "Ke kuwa 'yata, Allah ya yi miki albarka. Wata ce da tuni ta gudu ta bar shi. Allah ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙanki kamar yadda kika ji ƙan ɗana."

Na dubi Hammajoda. Ya ɗan girgiza mini kai.

Na ce, "Amin, Inna."