Tukunyar da Ta Ƙi Tsiro

"Goggo, don girman Allah ajiye ledar nan!"

Da gudu na shigo kicin, ɗankwalina a hannu. Ƙanwar Babana na tsaye gaban firji, ta riƙe ledar da yatsu biyu kamar ta kamo mataccen ɓera, ƙafarta ɗaya a kan murfin kwandon shara.

"Yashi," ta ce. "Jiƙaƙƙen yashi kusa da madara. 'Yar nan, asiri aka yi miki ko ke kike yi?"

Na ce kyauta ce. A cikin yashin akwai iri bakwai, kuma Mai Lambu ne ya ba ni.

Mai Lambu shi ne saurayin da ke sayar da dashe a bayan shagon ɗinkina. Shekara guda yana gaishe ni ta taga, bai taɓa ce mini zumata ba balle hasken idona. Ranar da ya tashi bayyana soyayya sai ya miƙo mini leda, yana kallon takalminsa. Wai irin wani fure ne, nastushiyam mai hawa shinge, furensa ja kamar garwashi. Ba irin na kasuwa ba ne mai mutuwa bayan kaka ɗaya, wannan ko ya bushe saiwarsa na nan, duk shekara yana dawowa. Sai dai irin ba ya farkawa sai ya sha sanyi sati shida a firji, sannan a shuka shi a inuwa, a jira.

Wallahi ranar na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Na faɗa wa Goggo haka, ta riƙe haɓa.

Ita tana da nata ɗan takarar, ɗan ƙawarta, Likitan Haƙori. Duk sati yana zuwa da dami guda na furanni, in na yi murmushi sai ya leƙa bakina ya ce turmina na hagu na buƙatar ciko. Mama na sonsa saboda mota. Baba dai jaridarsa yake karantawa.

Ranar da na shuka irin a tukunya, Goggo ta tara gidan a tsakar gida ta yi ta zuba. Wai wani na kawo fure, wani na kawo alkawarin fure. Wai tsakuwa ya ba ni, ni kuma sokuwa na karɓa. Mama ta ce gaskiya ne, mutumin da farcensa kullum da laka me zai tsinana mini. Ni kuma Allah ya yi ni da baki mai riga hankali tashi.

"Baba, kai ne shaida. In wata uku ya cika bai tsiro ba, na bar Mai Lambu har abada."

Baba ya sauke jarida. "Kin tabbata, uwata?"

"Na tabbata."

Washegari, ina yi kamar ba komai, na tambayi Mai Lambu ta taga kwana nawa irin ke yi kafin ya fito. Ya ce in an yi sa'a wata huɗu. Wani lokaci shekara.

Allura ta shige mini yatsa, ban ma ji ba.

Kunya ta hana ni faɗa masa abin da na jawo mana. Na koma kan tukunya. Na ba ta ruwa, na yi mata addu'a, na yi mata lallashi, ranar da raina ya ɓaci har zaginta na yi. Sau uku ina tona ƙasar da cokali in duba ko irin na nan, in mayar. Goggo kuwa kullum sai ta biyo ta gaishe da tukunyar, ta ce ina kwana amarya, har yanzu barci? Sau biyu ina dawowa daga shago in tarar an jawo ta tsakiyar rana, in tambaya a ce iska ce. Iska mai zoben azurfa irin na Goggo, don har sawun zoben na gani a bakin tukunyar.

Na rame. Mama ta daina ambaton mota, ta koma tura mini abinci.

Saura kwana goma sai na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na je can wata kasuwa inda ba a san ni ba, na sayi irin nastushiyam na gama-gari, mai fitowa cikin sati guda, na tura uku a tukunyar. Na ce ai sunansu ɗaya, wa zai gane?

Ranar da wa'adi ya cika, tukunya ta cika da kore. Abin da ya ɗaure mini kai, uku na shuka, amma tsiro takwas na ƙirga, kuma ba su yi kama da juna ba.

Goggo ta ce ba ta yarda ba, a kira mai abu ya shaida abinsa.

Ya zo da sabuwar riga, ya wanke farce har sun yi fari. Nan a gabansa Goggo ta fasa ƙwai, ta faɗa masa alkawarin da na yi. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya durƙusa gaban tukunyar ya daɗe yana juya ganye da yatsa. Ni ina bayan Goggo ina ta ƙifta masa ido har hawaye ya zo.

"Wannan mai zagayayyen ganye kamar faranti nastushiyam ne," ya ce.

Na sauke numfashi.

"Amma ba nawa ba ne. Nawa ganyensa a rarrabe yake kamar yatsun hannu. Waɗannan ukun wake ne... waɗannan biyun kuma kabewa." Ya ɗago ya dubi Baba. "Baba, nawa bai tsiro ba."

Goggo ta gyara mayafi, bakinta har kunne.

Ni kuwa kuka ya ƙwace mini. Na manta da Baba na wurin, na manta da kunya.

"Ni na shuka su, ni! Da ka yi shiru me zai ci ka? Kalma ɗaya fa, masoyi... kalma ɗaya."

"Da bayan wata huɗu na kasuwan ya bushe bai dawo ba," ya ce a hankali. "Sai ki tuna ranar da na nemi aurenki da ƙarya na fara. Gara in rasa ki kina ganin mutuncina, zumata."

Yau ya ga damar cewa zumata. Shekara guda ina jira, sai ranar da ya kashe ni.

Can sai Mama ta yi gyaran murya, tana murza bakin zaninta, ta ce waken dai ita ce. Ta gaji da ganin 'yarta na zama kamar tsinken tsintsiya, kuma ita a ganinta kore kore ne.

Goggo ta ce, "Ke ma? To kabewar fa?"

Jaridar Baba ta yi sama a hankali har ta rufe hularsa.

"Yaya!" in ji Goggo.

"An ce mini abin yaɗo yake yi," in ji Baba daga bayan jarida. "Kabewa ma tana yaɗo."

Dariya ta kama Mama har ta zauna a ƙasa. Ni ina kuka ina dariya, majina da hawaye. Goggo ta ce duk wannan shirme ne, alkawari alkawari ne, yarinya ta faɗa da bakinta kuma ta faɗi.

Baba ya naɗe jaridar ya ajiye. Ya ce gaskiyar Goggo ce, na faɗi, kuma ba zai ce ban faɗi ba. Mai Lambu ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa, ya yi sallama zai fita.

"Dawo, ɗana," Baba ya ce. "Alkawarin da ni aka yi, ni kuma na yafe shi. Mu uku a gidan nan muka yi ƙarya a tukunya ɗaya, baƙo ne kaɗai ya faɗi gaskiya, alhali shi ne mai asara. Ka ce wa mahaifinka ina son ganinsa."

Goggo ta ɗauki jakarta ta ce ba da ita ba. Da ita aka yi bikin, ita ce ma ta fi kowa rawa.

Mai Lambu ya ce kada a zubar da ƙasar tukunyar, sai ya cire baƙin tsiron ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada ya taɓa na ƙasa. Tukunyar na nan yanzu a inuwar bayan ɗakinmu, gindin shinge. Wata na tara ke nan, ba ta ce uffan ba. In na tambaye shi ko irin ya ruɓe, sai ya ce bai sani ba, zai iya yiwuwa, mu dai jira.

Kullum da safe ni nake ba ta ruwa, kuma ban ƙara tona ta ba.