Dutsen Iya Falmata

Gari na wayewa a wata 'yar unguwa bayan Gezawa, tsohuwa Amsa ta fito da ƙwaryar gero za ta yi niƙa, sai ta tarar da gurbi kawai. Dutsen niƙa ya yi ƙafa. Wannan tun zamanin da ayarin Barno ke ratsa ƙauyukan nan ne, lokacin da ƙarar niƙa ke tashin mutane da safe, wannan gida na amsa wa wancan. Kai, wanda bai riski wannan ƙara ba ya yi rashi!

Dutsen na mahaifiyarta ne, marigayiya Iya Falmata, wadda ta taho da shi a kan takarkari tun daga Barno. Amsa ta zauna a bakin gurbin, ta ce ita da abinci sai ranar da ya dawo. Kowa kuwa ya san halinta, in ta faɗa ta faɗa, ga shi jikin ba ƙwari.

Dagaci ya ga namiji ba shi da damar kutsawa gidajen mutane, sai ya aika wa Barira mai fura, wadda ba gidan da ba ta shiga, ba kuma zancen da ke wuce kunnenta.

Barira ta zaga bayan gida. An kwance dangar kara, an kuma mayar an ɗaure tsaf. Ga sawun mutum ɗaya, ya nutse sosai a ƙasa.

Ta dawo ta ce, "Inna Amsa, ɗan dutsen fa, shi ma an tafi da shi?"

"Yana ɗaki. A ɗaki yake kwana tun Iya na da rai, don kada awaki su lashe shi."

Amsa ta ɗauko ƙaramin dutsen da ake murzawa a kan babban. Barira ta jujjuya shi, ta ga gefen hagu ya fi cinyewa.

Amsa ta ce, "Iya ta karye a hannun dama a hanyar zuwa. Da hagu take dannawa, har kwarmin uwar dutsen ya karkata can."

Barira ta fara da Basiru mai jaki, wanda aka gani jiya a bayan gidan.

"Me ya kai ka?"

"Taki na sauke a gonar maƙwabta."

"Ba ka dawo ka ɗauki dutse ba?"

"Sawun jaki kika gani?"

"Na mutum."

"To ina da jaki zan ɗora dutse a kaina? Wuyan nawa na aro ne?"

Barira ta yi dariya ta wuce wurin Nababa mai koɗa, wanda ke dandaƙa fuskar dutse in ta yi sulɓi don ta sake kama hatsi.

"An ce kana yawan yabon dutsen nan."

"Na yaba, gobe ma zan yaba. Amma ni in sata in bar ɗan? Haba Barira! Shekara da shekaru suna cin juna har suka daidaita. Sa wa uwar baƙon ɗa ki gani. Ba zai kwanta ba, sai dai ya yi ta karo, yana ɓantarar tsakuwa cikin gari."

Barira ta ɗauki furarta ta shiga bin gida-gida, ba don ciniki ba, kunne take kasawa. Ranar ba ta dace ba. Amsa kuwa ko kunu ta ƙi, har murya ta fara dishewa.

Washegari da hantsi, a ƙofar gidan Umara, ƙanen Amsa, ta ji niƙan da ba ya tafiya sumul, sai ƙwal, ƙwal. Shi kuma dattijon yana zaure, ya tallabe kumatu.

"Malam Umara, lafiya?"

"Haƙori ne. Tsakuwa na tauna a tuwo."

"Ayya. Allah Ya sawwaƙe."

Barira ta juya da sauri. Ta je ta riƙo hannun Amsa, ɗan dutsen a cikin ƙwarya, suka shiga har madafar gidan Umara. Ga dutse an shafe gefensa da laka don ya ɓad da kama. Matar gidan ta ja gefe, ita dai an ce mata sayowa aka yi.

Barira ta ɗora ɗan a kan uwar. Ya kwanta luf, ya karkata hagu.

Ta dubi Umara ta ce, "Baƙon ɓarawo ba ya tsayawa gyara danga, sai wanda ke tsoron kada awaki su shiga gidan 'yar'uwarsa. Mace kuma ba za ta ɗauki uwa ta bar ɗa ba, sai namijin da bai taɓa durƙusawa niƙa ba. Sauran bayani haƙorinka ya yi."

Umara ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Yaya, ke aka ba dutse don ke ce mace. Ni me na samu na Iya? A bayanta nake goye tana niƙa, da ƙarar nan nake barci. Na ɗauko shi in ji ta, ya ƙi yi min."

Amsa ta matso gaban dutsen. Ta durƙusa da ƙyar, ta watsa gero, ta danna da hagu. Ƙarar ta taso, doguwa, mai laushi, irin ta da. Dattijo da furfurarsa ya toshe baki yana kuka kamar ɗan yaye, wallahi har ita Barira sai da ta share ido.

Amsa ta tattara garin ta ce, "A kanka ka ɗauko, a kanka za ka mayar. Gobe da safe ka zo ka zauna a zaurena ka ji, ba mai korarka." Sannan ta juya. "Barira, dama min fura. Yunwa nake ji."