Ranar Da Auta Ta Gudu Daga Intabiyu

Sakatariya ta kira sunanta, ta sake kira, amma Auta ba ta motsa ba. Can ta miƙe, ta rungume fayil ɗinta a ƙirji, maimakon ta nufi ƙofar ɗakin intabiyu sai ta juya ta kama matattakala.

Ba ta kai ƙasa ba ta ji takun takalmi a bayanta.

"Auta."

Odita ne, saurayinta, wanda maganar aurensu ta yi nisa har manya sun shiga ciki. A kamfanin nan yake aikin binciken kuɗi, kuma shi ya yi ta faɗi-tashi har aka sa sunanta cikin waɗanda za a gwada, tun ba ta rubuta jarrabawar ƙarshe a jami'a ba.

"Rabin raina, lafiya? Manaja na zaune yana jiranki."

"Ba zan iya ba..."

"Tsoro ne kawai. Zo mu koma."

"Ba tsoro ba ne." Ta juyo, idanunta sun kaɗa. "Ba na son aikin. Ba na son zama akanta."

Ya yi tsaye kamar an dasa shi.

"Ke? Ke da kike ta ɗaya a ajinku?"

"Iyawa daban, so daban. Lokacin da na yi koyon aiki, ka san me nake yi? Agogo nake kallo. Ɗaki ba taga, rasit a kan rasit, in na dawo gida sai in ji kamar an tsotse ni. Na yi ta cewa zai wuce. Bai wuce ba."

"To me kike so?"

"Ban sani ba tukuna. Akwai wata ƙaramar makaranta bayan jami'a, ina zuwa koya wa yara lissafi da yamma. A nan kaɗai nake jin ina numfashi... amma ko shi ban tabbata ba."

Ya gyara zaman tabarau ɗinsa.

"Shi ke nan," ya ce. "Zan duba maganar."

Da Auta na cikin natsuwarta, da wannan kalmar ta firgita ta. Amma ranar kanta ya yi zafi, sai ta ɗauka rarrashi ne.

Odita mutumin kirki ne, wannan ba a ja. Matsalarsa ɗaya, aikinsa ya bi shi har cikin jini. A wurin masu binciken kuɗi, in mai kamfani ya ce abu kaza ne, ba a musa masa, ba a kuma yarda, sai an je an tambayi wani na waje ya tabbatar. Mutumin da ko mai gadi ya ce masa an kulle ƙofa sai ya je ya murɗa da hannunsa, ina zai iya kwana da magana irin wannan?

Sai ya nemi na waje. Cikin duk mutanen duniya kuma ya rasa wadda zai tambaya sai 'yar Gwaggon Auta.

Ajinsu ɗaya da Auta, tare suka tashi, tare suke zuwa makaranta. Abin da bai sani ba, ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan abu biyu, kujerar kamfanin nan da kuma shi kansa.

"Ni dai ba na son shiga tsakani," ta ce masa tana wasa da zoben hannunta. "Amma ka taɓa ganin hedimastan makarantar? Matashi ne, bai da aure. Ni fa ban ce komai ba."

Kafin rana ta faɗi, abin da ba ta ce ba ya isa kunnen Gwaggo, daga nan ya isa kunnen Baba.

Washegari Auta ta dawo daga laccar safe ta tarar da falo a cike. Baba na kan doguwar kujera, hularsa a gefe. Mama ta rakuɓe a bakin ƙofar kicin. Gwaggo ta baje a kan kafet, ga Odita a takure a ƙaramar kujera, kansa a ƙasa.



"Akanta," Baba ya ce. Tun ranar da ta samu gurbin karatu bai sake kiranta da wani suna ba. "Zauna."

Ta durƙusa a gabansa.

"An ce kin gudu daga intabiyu."

"E, Baba."

"Ɗakin da ke saman shagona, na kwashe kaya, na sa an yi fenti, na sa tebur da fanka. Duk wanda ya shigo sai na hau da shi na nuna masa. Na ce wannan ofishin 'yata ne, in ta gama gogewa a kamfani nan za ta dawo. Yanzu me zan ce musu?"

"Baba, ka yi haƙuri, zan ƙarasa karatun. Aikin ne zuciyata..."

"Zuciya!" Gwaggo ta tafa hannu. "Ai mun san inda zuciyar ta tafi. Wajen hedimasta."

Auta ta ɗago a razane.

"Wane hedimasta?"

"Kar ki raina mana hankali. Shi wannan bawan Allah da kika mayar abin wasa, ai shi ya je ya tambayi 'yar'uwarki, ta gaya masa gaskiya."

A hankali Auta ta juya ta dubi Odita. Duk maganganun Baba ba su soke ta kamar wannan ba.

"Ka tambaye ta?"

"Ba wai ban yarda da ke ba ne..."

"Ka tambaye ta?"

"Na so in tabbatar ne kawai. A aikinmu, in mutum ya faɗi magana..."

"A aikinku." Ba ta ɗaga murya ba. "Ni na tsaya a matattakala na gaya maka abin da ko Mama ban gaya wa ba. Da bakina. Sai ka ɗauka ka kai wa wata ta duba maka ko gaskiya ne? Ni kamfani ce?"

"Rabin raina..."

"Kar ka ƙara kirana haka."

Mama ta matso. "Auta, a gaban babanki kike fa."

"Ki gafarce ni, Mama." Ta share hawaye da bayan hannu, ta fuskanci mahaifinta. "Baba, babu wani hedimasta a raina. Ban da shaidar da zan kawo, kuma ba zan nemo ba. Maganar aure kuma, don Allah a dakata. Ba zan iya zama da wanda sai an sa masa hannu kafin ya yarda da ni ba."

Ta tashi ta shige ɗaki. Ta jingina da ƙofa tana jin faɗan Baba, tana jin Gwaggo na ƙara zuga shi, amma muryar Odita da take jira ta ji ba ta fito ba. Wannan shirun ya fi komai yi mata ciwo.

Kwanaki suka shuɗe. Baba ya daina amsa gaisuwarta sai da ka. 'Yar Gwaggo ta je intabiyu an ɗauke ta, ta kuma zo har gida da fara'arta wai ta zo a taya ta murna. Auta ta taya ta, ta koma kan littattafanta, don jarrabawa ba ta san ana rigima ba. Kiran Odita kuwa ba ta ɗauka ko ɗaya ba.

Ranar da ta gama takarda ta ƙarshe ta wuce makarantar yara. Da aka tashi ta fito, hannunta duk alli, sai ta hango shi.

Yana tsaye a wajen get cikin rana, ya juya wa makarantar baya. Rigarsa ta jiƙe da gumi.

Ta so ta wuce. Ƙafarta ta ƙi.

"Me ya kawo ka?"

"Ke."

"Ga get a buɗe. Hedimasta na ofis, tagar ajina ma ga ta can. Ka shiga ka duba, ka huta."

"Ba zan shiga ba."

"Me ya sa?"

"In na shiga na gani, to idona na yarda da shi, ba ke ba." Ya share gumi. "Tun ɗazu nake nan, wallahi wuyana har ciwo yake don son in waiwaya. Ban waiwaya ba."

Dariya ta taso mata, ta danne.

"Matashi ne fa," ta ce. "Kyakkyawa kuma. Ya fi ka tsawo."

Ta ga yadda muƙamuƙinsa ya motsa.

"Na ji."

"Shi ke nan?"

"Kin ce babu shi a ranki. Shi ke nan." Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Na yi miki laifi, Auta. Kin ba ni amana na kai ta kasuwa. Na je wajen Baba jiya, na ce masa ni na jawo duk wannan, kuma ko kin zama akanta ko ba ki zama ba, ni ina nan."

"Me ya ce?"

"Ya ce mu biyun duk ba mu da hankali. Ya kore ni." Ya ɗan yi murmushi. "Amma da na kai ƙofa ya tambaye ni wai yaran suna gane karatun naki kuwa."

Nan hawayen da take riƙewa suka zubo.

"Har yanzu ban san me zan yi ba," ta ce. "Wataƙila koyarwa. Wataƙila in gwada shekara guda in ga ba ita ba ce. Wataƙila ma wata rana in hau ɗakin saman shagon Baba da ƙafata. Ban da tabbacin komai da zan ba ka."

"Ban tambaya ba."

"Kai ɗin?"

"Zai yi mini wuya," ya ce. "Ki dinga haƙuri da ni, rabin raina."

Ta dube shi, gumi na bin goshinsa, har yanzu bayansa na ga makarantar. Ta miƙa masa jakar littattafanta.

"Riƙe mini. Kuma ka matso inuwa, kafin ka faɗi a ce ni na kashe ka."