Bakwai Ɗin da Suka Nutse

A kasuwar Mallawa Muttaƙa ya fara ganin jikata Hidaya, tana sayar da wake. Sai da ya yi cinikin tiya ɗaya sau uku don kar ya bar wurin.

Da na ji lambun furanni yake yi a Magariya, na ce ban yarda ba. Mutum ya noma abin da ba a ci? Ni da na ga fari uku, na binne shanuna, ban bar gari ba! Ga Dalhatu mai rumbu biyu yana sonta.

Rannan Muttaƙa ya aiko mata irin wardi guda ashirin a ƙulli. Dalhatu ya ce, "Baba, tsakuwa ce, ku gwada."

Na zuba su a ƙwaryar ruwa, suka kwana. Da safe sha uku suna yawo a sama.

"Kin gani? Fanko!" na ce. "An taɓa sayar mini da irin hatsi har da rantsuwa, ko tsiro ɗaya. Sai wannan yaron ne zai cuce ni?"

"Kaka, ai ya faɗa mini." Hidaya ta miƙo waya.

Ban yarda da karatunta ba. Na kai wa mushen lakwal, wato malamin boko, na ce ya karanta har da ranar. Tun kafin ƙullin ya iso aka rubuto:

"Tauraruwata, kar ki shuka sai kin jiƙa. Wanda ya taso ki zubar. Wanda ya nutse ma ban yi miki alkawarinsa ba."

Na aika Muttaƙa ya zo. Ya tsuguna.

"Kai, bakwai ɗin nan da suka nutse za su fito?"

Ya fasa ƙwaya ɗaya da wuƙa, ya nuna mini cikinta fari tas. "Wannan tana da rai, Baba, amma na kashe ta. Sauran sai sun yi wata biyu cikin yashi mai ɗanshi a sanyin firigo. Wataƙila biyu su fito."

"Biyu kawai?"

"Ko ɗaya."

Daga bayan zana Hidaya ta ce, "Ɗaya ma ta ishe ni, Nawa."

Shekarata tamanin, ban taɓa ganin mai kaya ya rage wa kayansa daraja ba.

Bayan girbi aka ɗaura aurenta da Muttaƙa, ni na ba da ita da bakina. Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuriya mai albarka.