Ranar da Duna Ya Yi Shiru

Rana ta yi ja lokacin da Gide ya fito daga Damari yana jan karensa Duna da igiya. Niyyarsa ya kai shi rugar wani abokinsa a kan hanyar Faskari, ya baro shi can, kowa ya huta. Ransa a ɓace yake, sai cizon leɓe yake yi.

Duna karen gona ne mai korar birai daga dawa, kuma a da ba shi da laifi. Amma tun da Hajaratu matar Gide ta haihu, kare ya lalace. Ya ƙi gona, ya ƙi tuwon da ake zuba masa. An ɗaure shi, ya tauna igiya. An kore shi, ya haƙa ƙarƙashin danga ya dawo ya kwanta a ƙofar ɗakin mai jego yana karkarwa. Da magariba ta gabato sai ya kafa wa bayan rumbu ido, inda babu komai sai tsohon turmi, ya yi ta haushi kamar zai amayar da hanjinsa. Maƙwabta sun yi magana har sun gaji. Kare a ƙofar ɗakin jariri, a gidan Musulmi! Kunya ta kama Gide, kunyar kuwa ta koma fushi.

Jiya abin ya kai maƙura. Dada, mahaifiyar Gide, ta ɗora ruwan wankan jego, tukunya tana tafasa, sai Duna ya fara halin nasa. Gide ya kamfato ruwan da ƙwarya ya watsa masa. Kare ya goce, ruwa ya sauka a bayan rumbu. Wani abu ya tsala ƙara, siririya, ya yi tsit.

"Ka yi bisimilla?" in ji Dada, murya ƙasa-ƙasa.

"Don kare zan yi bisimilla, Dada?"

"Ba don kare ba, sakarai. Mi ya hana ka ce a kauce? Ba mu kaɗai ba ne cikin gidan ga."

Kowa a Damari ya san ba a zubar da ruwan zafi da almuru sai an ambaci Allah. Gide ma ya sani sarai. Amma mai fushi ba ya ganin laifin hannunsa, sai ya ɗora wa kare.

Hanya ta miƙe tsakanin gonaki, dawa ta fi mutum tsayi dama da hagu. Duna ya turje a cikin sawun lori, yana juyawa baya yana kuka. Gide ya zuba masa bakin igiya a gadon baya.

"Tahi, ɗan banza! Ka kunyata ni ya isa."

Sai gyare suka yi shiru. Kwaɗin fadama ma suka ɗauke.

Wani wari ya taso, irin na kazar da aka tsoma a tafasasshen ruwa za a fige.

Wata mace ce tafe daga gabansa, lulluɓe da baƙin zane, da goyo a baya. Goyon yana ƙara, siririya. Gide ya san muryar nan. Ya yi sallama, ba ta amsa ba. Tana taka tsakuwa, tsakuwa ba ta motsi.

Duna ya shige tsakanin ƙafafun Gide, fitsari na zuba.

Ta tsaya daidai kafaɗarsa. Numfashinta zafi, kamar tururin tukunya.

"Sannu da aiki," ta ce cikin raɗa. "Wanga kare ya hana ni ƙofa tun jiya."

Bakin zanen ya zame. Gide ya ga hannun goyon, fata ta saɓule, jajir.

"Ka ƙona mani nawa. Naka shina ɗaki, fatarshi sabuwa."

Ya ƙyafta ido. Ta riga ta yi nisa, ta nufi Damari.

Igiya ta faɗi daga hannunsa.

"Duna! Gida!"

Kare ya cilla kamar kibiya. Gide ya bi baya, yana faɗuwa yana tashi, yana zagin kansa da duk zagin da ya sani. Ganyen dawa ya yanke masa fuska. Can nesa ladan ya fara kiran magariba.

Ya faɗa gida ba takalmi.

Dada tana durƙushe a gindin murhu, bakinta na motsi. Duna yana tsaye a ƙofar ɗakin Hajaratu, haƙora a waje, yana kai wa iska cizo. Babu kowa a gabansa. Amma tururi na tashi daga gadon bayansa, gashi yana zuba.

Bai matsa ba.

"Bisimillahi!" Gide ya kwarara ihu, ya zube a gefen karen. "Ni na zuba! Ni ne! Ku yi haƙuri don Allah!"

Wani zafi ya wuce ta gefen kunnensa, ya yi bayan rumbu. Tsohon turmi ya faɗi da kansa.

A cikin ɗaki jariri ya tsanyara kuka, lafiyayyen kuka, Hajaratu tana jijjiga shi.

Gashin bayan Duna bai sake tsirowa ba, haka ma muryarsa. Yana buɗe baki, amma ko ƙus ba ya fita. Maƙwabta suka ce an huta da haushi, Gide kuwa ya kusa shaƙe wanda ya fara faɗa masa haka a kasuwa. Shirun da ya nema ya samu, kuma shi ne ya hana shi sakat. Tunda babu mai yi masa gargaɗi da murya, kullum rana ta yi ja sai ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakin ɗansa, ya zauna kusa da karen, idonsa a kan duk inda Duna ya juya kai.