Kwandon Mangwaron Baba

Har yau, in na ji ƙanshin mangwaro, sai na tuna wata yarinya a unguwarmu, nan Gaya. Kwaɗayinta ya fi ta tsawo.

A gidansu akwai itacen mangwaro. Babanta ne ya dasa shi yana yaro, kafin kasuwanci ya kai shi Yamai. Duk shekara Kaka Ajuma takan aika masa kwando guda. Ɗanye take tsinka, don kada ya dame a hanya.

"Motar Hadi direba za ta tashi ran Juma'a," in ji Kaka. "Kowa ya kiyayi kwandon nan."

Ran Lahadi yarinyar ta tsinci nunannu uku. Ba ta son ƙannenta su gani, sai ta cusa su cikin kwandon, ƙarƙashin ɗanyun. Kafin ta dawo ɗauka, Kaka ta rufe shi da buhu ta ɗaure. Yarinyar ta sulale, ta bar su a ciki.

Alhamis da safe Kaka ta kwance igiya. Duk sun yi laushi luguf.

"Bana ɗana ba zai ɗanɗani gida ba," in ji ta a hankali.

Tausayi ya kama yarinyar. A lakwal, wato makaranta, ta tambayi malamarsu Madam Nuriya dalili.

"Nunanne yana fitar da wata iska da ba a gani," in ji Madam. "Saƙo ne, irin wanda ake kira ormon. Jikin ɗanye cike yake da ƙananan ƙwayoyin halitta. Kowacce tana da wurin karɓar saƙon, kamar kunne. Da sun ji, sai su soma aiki, ya yi laushi, ya yi zaƙi. A rufe kuwa, iskar ba ta da mafita."

Yarinyar ta koma gida da kuka.

"Kaka, ni ce. Ki yafe mini."

"Wake ɗaya ke ɓata gari, jikata. Yanzu yaya za a yi?"

Akwai reshe guda da Kaka ta bar mata rabonta. Yarinyar ta tsinke ɗanyun duka, ta cika kwandon da hannunta.

Ran Asabar Baba ya kira.

"Sun iso lafiya, 'yata, amma duk ɗanyu. Na ƙosa!"

"Baba, sa nunanniyar ayaba ɗaya ciki, ka rufe. Za su ji saƙo."

Kaka ta yi dariya har da hawaye.

Yara, abin da ka ɓoye don kanka ba ya tsayawa a kanka kaɗai. In ka yi kuskure, faɗi gaskiya ka gyara.