Kwalbar Kan Taga

Ranar da ya fara kawo kaya shagon wankin, da ƙafa ya tura ƙofa, don hannayensa duka biyun na riƙe da baƙaƙen jarkokin ruwan kulorin, wanda ake cire tabo da shi. Ita kuma tana duƙe kan baho, kumfa har gwiwar hannu.

"Sallamar ma sai an roƙa?" ta ce.

"Bari in ajiye, numfashina na ƙarƙashin jarkokin nan."

Dariya ta ƙwace mata. Tun daga ranar ta sa masa Mai Jarka, shi kuma ya rama da 'Yar Kumfa, kuma kafin su ankara so ya yi musu mugun kamu.

Baba, mahaifinta kuma mai shagon, ba ya son ganin saurayi na jingina da kantarsa. Wayarta ma a aljihun tebur yake kulle ta har a tashi aiki. Sai ta ƙirƙiro dabara. Duk safiyar da Baba ya fita ɗauko zannuwan gadon wani ƙaramin asibiti, wanda shi ne babban aikinsu, sai ta ɗora farar kwalba kan taga. Mai Jarka na hango ta ya san hanya a buɗe take.

Da yamma saƙonsa kan shigo: "'Yar Kumfata, yau na wuce ba kwalba, titin duk ya yi mini tsawo."

Ta mayar: "Haƙuri Mai Jarkana, Baba ya wuni kan guga. Ni ma idona na kan hanya."

Har manyansa sun zo gaisuwa, Baba ya ce zai duba, sai asibiti ya fara dawo da zannuwa. Tabon jini ya ƙi fita, na magani ma haka. Aka yi gargaɗi, aka sake, daga ƙarshe aka ba wani shagon aikin.

Baba ya tare Mai Jarka a bakin titi, gaban masu shaguna.

"Ruwa kake surka mini, ko? Ka kashe mini sana'a, kuma kana neman 'yata? Maha'inci ba zai zama surukina ba."

"Baba, wallahi yadda aka ba ni haka nake kawowa."

"Kada ka ƙara ce mini Baba."

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo, shagunan layin duk sun daina karɓar kayansa. Direban asibitin, wanda ya daɗe yana yi wa 'Yar Kumfa murmushin da ba ta taɓa amsawa ba, ya samu ƙofa, Baba kuma ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ta yi kuka har ta gaji, ba wanda ya kula. Mai Jarka kuwa ya rame, ya fara shirin barin unguwar.

Ranar da ya zo yi mata bankwana, Baba ya fita, kwalbar na kan taga, rana ta take. Ya nuna kwalbar.

"Miƙo mini ruwan nan in jiƙa maƙoshi," ya ce.

"Rufa mini asiri, ai kulorin ne. Jarkarka ta fi ƙarfina, shi ya sa nake tsiyayar na wuni a nan in surka."

Ya buɗe kwalbar ya shinshina. Warin da ya kamata ya sa shi kau da kai, da ƙyar ya ji shi. Ya dubi tagar, ya dubi rana.

"Duk zatona ruwa ne. 'Yar Kumfa, kin san abin da ya sa jarkokina baƙaƙe ne? A cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, ultrabayolet. Shi kulorin ƙwayoyinsa a manne suke da juna, ƙarfinsa ke nan. In hasken nan ya ratsa kwalba ya same su, sai ya tsinka su, abin ya salance. Kafin Baba ya dawo da zannuwa, rana ta gama da shi."

Ta dafe bango. "Ashe ni ce."

"Mu ne. Don ni kike ɗorawa."

"Zan faɗa masa."

"Kul. Ni sunana ya riga ya ɓaci. In ya ji kina kirana shago a bayan idonsa, ke ma kin rasa shi, ni kuma ba lallai ya dube ni ba."

Ta yi shiru da maganar kamar yadda ya roƙa, abin na cin ta. Sai ranar da ta ji Baba na cewa dangin direba su turo. Ta same shi kan guga, ta durƙusa, ta zayyana masa komai, har da dalilin tagar.

Baba bai ɗago ba. Ya gama rigar da ke gabansa, ya ninke, ya kashe dutsen guga ya fita. Daga ranar ya daina yi mata magana, ko gaisuwarta da kai yake amsawa.

Amma washegari ya bi shagunan layin ɗaya bayan ɗaya, Mai Jarka na biye da shi kai a sunkuye.

"A gabanku na ci mutuncin yaron nan, a gabanku zan wanke shi. Bai cuce ni ba. Kuma na ba shi 'yata."

Aikin asibiti bai dawo ba, injin wanki ɗaya ma sai da aka sayar. Aka ɗaura aure ba wani taro, amarya na ta kuka, don har ranar Baba bai ce mata uffan ba. Ta riga ta haƙura cewa ta samu miji ta rasa uba.

Da za ta tafi, ta je ta durƙusa a ƙofar ɗakin Baba. Ya fito da kayan da za ta sa, a goge, da irin karin da hannunsa kaɗai ke fitarwa. Ya ɗora mata a cinya.

"Tashi, kada ki jiƙa mini guga da hawaye. Na yafe miki. Allah ya yi muku albarka, ke da shi."